Ƙahon Baba na Biyu

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da na ɗauki gora na nufi kwarin tukurwa, ƙaho a cikin jakar da ke kafaɗata. Aiken bai taka kara ya karya ba. Bammi mai tsami wanda ya kwana zan karɓo a bukkar Baba Mbinkar, mai ɗiban bammi, in jiƙa ƙahon a ciki ya ɗauki wari, da safe in miƙa wa wanmu Yaya Ngoran. Shi ke nan fa.

Ni ne Lukong, kuma duk kasuwar Kumbo an san hannuna. Ka ba ni ƙahon san da aka yanka jiya, kafin kasuwa ta zagayo in mayar maka da shi na kakan kakanka. Na taɓa sa wani mai neman kayan da ya cire hula ya rusuna wa ƙahon da ni da bakina na ci naman sansa. Dillalan garin Fumban masu sayen kayana, da suka gani, sai da suka fita waje suka yi dariyarsu.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Sabon ƙaho in an dafa shi, an kankare da fasasshiyar kwalba, an goge da manja, sheƙi yake yi kamar goshin ango. Wannan sheƙin shi ke tona asiri, shi ake kashewa. Toka za ka jiƙa, ka samu ganye mai kaushi, ka riƙa murzawa kana zagayawa. In ka ja a tsaye, zane zai fito, ko makaho ya shafa ya gane. Daga nan ka rataye shi saman murhu ya sha hayaƙi, ka cusa jan garin itacen majigi a cikin sassaƙar bakinsa. Sai ya dushe, ya yi nauyin ido, kamar abin da ya ga jana'iza da yawa.

Na yi wa baƙi wannan ba adadi, barcina bai taɓa raguwa ba. Na cikin jakata ne kaɗai na yi wa 'yan gidanmu.

Da Baba mahaifinmu ya rasu, Yaya Ngoran ne ya gaje shi. Ya gaji kujera, ya gaji itatuwan goro, ya gaji ƙahon shan bammi, baƙi mai zobe uku a baki. Ba mai kai wannan ƙaho baki sai magaji. Sauranmu, maza da mata, durƙusawa muke yi mu haɗa tafukan hannu ya zuba mana. Da shi kuma yake zuba wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a kan duwatsun da ke ƙofar ɗakin Baba.

To, sai Yaya ya dawo daga taron dattawa wata rana kansa ya yi zafi, ya ajiye ƙahon a kan dutsen murhu, barci ya kwashe shi. Da ya farka ƙaho ya lanƙwashe, ya tsage daga baki har tsakiya, ɗaki sai ƙauri. Ya naɗe shi a tsumma ya cusa ƙarƙashin gado. Tun daga ranar bai ƙara zuba wa kowa ba, na raye ko na mace. Duk wanda ya tambaya sai ya ce cikinsa ne ba ya son bammi.

Da haka zai yi ta tafiya, sai ga saƙo daga yayarmu Yenla. Ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, ita ke ɓoye ni bayan zanenta duk ranar da na tsokano duka. Ta yi ɓari sau biyu a gidan mijinta, ga ciki na uku ya tsufa. Dangin mijin suka ce ai ita da Baba sun rabu ba daɗi, ya rasu ba su shirya ba, don haka ta koma gida magaji ya zuba mata daga ƙahon ubanta, ya roƙa mata a saki wannan ɗan.

Yaya ya same ni a rumfata ya tsuguna, shi da ake tsuguna wa. Ya buɗe tsumman. Na yi dariya har da buga cinya, na ce masa ashe magajin gidanmu gasasshen ƙaho yake so. Bai yi dariya ba.

"Auta, ka rufa mini asiri. In ta ga wannan za ta ce Baba ne ya ƙi ta."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan yi masa wanda ko Baban ya dawo sai ya rantse nasa ne. Haka na ce, da bakin nan nawa.

Na samo baƙin ƙaho wurin mahauta, na sassaƙa zobba ukun, na murza, na ba shi hayaƙi. Ya yi kyau, amma bai gamsar da ni ba. Gwaggo za ta zauna a wurin, ita kuwa hanci gare ta kamar na kare. Sai dabara ta zo mini, irin wadda nake alfahari da ita. Na faki ido na je ƙofar ɗakin Baba, na kankaro ƙasar da ke tsakanin duwatsun nan, baƙa ƙirin, mai danƙo, wadda ta sha bammin gidanmu tun kafin a haifi Baba. Da ita na yi murzar ƙarshe maimakon toka. Sheƙin ya mutu murus. Da na kai shi hanci, sai na ji warin da na sani. Ɗakin Baba sak.

Hanyar kwarin gangara ce mai santsi. Hazon sanyi ya fara sauka daga tsaunuka, kwaɗi sun buɗe baki, ruwa na gudu a ƙarƙashin ganye ba ka ganinsa. A kan gungumen da ake tsallake rafi na yi kiciɓis da Baba Mbinkar yana fitowa, adda a hannu, tulu a ka.

Ya ce, "Ɗan nema, yau kuma kakan wa za ka haifa?"

Na ce masa nasa, tunda na ji an ce shi ba shi da ko ɗaya. Ya kai mini duka da bayan adda, na goce. Ya ce ya bar mini mai tsamin a ƙwarya cikin bukka, in ɗura in fito, kada duhu ya same ni. Har ya wuce sai ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Warin me kake yi haka?"

Na ce wanka ne ban yi ba. Ya dube ni, ya dubi jakata, sai ya kaɗa kai ya haura.

Bukkar na can tsakiyar kwarin, inda rassan tukurwa suka haɗe sama suka rufe haske. Gabanta fili ne ɗan ƙarami da kututture. Na sami ƙwaryar, ƙudaje sun kwanta a bakinta, tsaminta na hawa ka. Na ɗura gora. Da na fita a lokacin, da ba ni da labari.

Amma sai na ce bari in ga yadda zai yi a hannu. Na fito da ƙahon na cika shi. Na zauna kan kututture, na buɗe ƙafafu, na turo ciki. Ba wanda ya kai ni iya kwaikwayon Baba, ko a gabansa na sha yi in gudu. Na yi gyaran muryarsa, wannan mai kama da jan kujera. Na karkata ƙahon na ɗiga a ƙasa.

Baba in zai zuba, suna yake kira ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshen waɗanda ya sani ya yi shiru. Ni ban taɓa tsayawa na riƙe sunayen ba. Sai na yi musu jimla, da muryarsa, har da ƙawa. Na ce duk wanda yake na gidan nan ya matso ya sha, babba da yaro, wanda ya tafi da wanda ke tafe.

Na yi dariya ni kaɗai.

Dariyar ba ta dawo ba. Kwarin ya haɗiye ta.

Kwaɗin sun yi shiru. Ba a hankali ba, gaba ɗaya, kamar an rufe tukunya. Ruwan ma na daina jinsa.

Na dubi inda na ɗiga bammin. Ƙasar a bushe take.

Sai wari ya taso. Garin taba, majigi, da tsohon bargo da ya sha hayaƙi. Bayansa wani sanyi ya biyo, ya kama mini gwiwoyi.

Ganye ya motsa a hagu. Wani ya ja numfashi ta hanci, doguwar shaƙa, irin ta mai neman inda aka dafa abu.

Ban ɗaga kai ba. Wuyana ya ƙi. Ƙasa kawai nake kallo, kuma a nan na gan su.

Hannuwa.

Tafuka biyu a haɗe, sun fito daga cikin hazo daidai gwiwata. Manya, busassu, fatar ta yi fari a gaɓoɓi. Gefensu wasu. Gefen waɗannan wasu. Sun yi layi sun zagaya filin, har inda idona ya gaza.

Dattawa ba sa miƙa hannu. Da ƙaho suke sha. Waɗannan ba su da shi, kuma na san a ƙarƙashin gadon wa yake.

Jira suke yi.

Kowane yaro a garinmu ya san dokar. In ka fara zuba wa layi ba ka tsayawa, ba ka tsallake kowa. Na tashi, na karkata ƙahon a kan na farko.

Na ji ana zuƙa. Ba baki, ba fuska, sai ƙarar zuƙa, da wata ajiyar zuciya mai tsawo. Hannuwan suka janye cikin hazo.

Na matsa. Na zuba. Na matsa.

Ƙahon bai ragu ba. Nauyi ma yake ƙarawa.

Wasu hannuwan na mata ne, da kanta irin ta fartanya. Wasu yatsunsu ba su cika ba. Duk rawa suke yi, irin ta wanda ya daɗe bai ga ruwa ba. Ina zubawa ina jin kunya tana cin bayan wuyana, don da ƙarya nake shayar da su, su kuma suna karɓa hannu biyu.

Sai na iso kan wasu da na sani. Babban yatsan dama da tabon adda, farcen ya rabe biyu. Sau nawa wannan yatsan ya murɗe mini kunne.

Na zuba. Ya sha. Bai janye ba.

Yatsan ya ɗago ya shafa gefen ƙahon, a hankali, daga baki zuwa gindi.

"Auta."

Muryar ba ta fi ƙarar ganye ba.

"Hannunka ya iya."

Na tsaya cak da ƙahon a hannu.

"Ci gaba. Akwai saura."

Na matsa, sai na ga ba komai daidai gwiwata. Na ƙara sunkuyawa.

Suna can ƙasa, kusa da idon sawuna. Tafuka ƙanana, ba su kai ganyen lemo ba, launin toka. Biyu a haɗe, gefensu wasu biyu.

Na tuna Yaya Yenla, da zuwanta gida sau biyu ba ciki ba goyo.

Na durƙusa na ɗiga musu. Suka sha kamar 'yan kyanwa. Hawaye na zuba mini, ban san lokacin da suka fara ba.

Na ce shi ke nan, an kai ƙarshe.

Ba a kai ba.

Akwai wasu a gefe, su ne na ƙarshe. Ƙanana su ma, amma ba launin toka ba. Jajaye ne, jiƙaƙƙu, tururi na tashi daga jikinsu cikin sanyin nan. Ba su iya haɗuwa da kyau ba. Yatsun na buɗewa suna rufewa. A wuyan hannun wata 'yar jijiya na bugawa.

Waɗannan ba su mutu ba.

Wanda ke tafe. Ni na kira shi.

"Zuba masa," in ji muryar, yanzu a bayan kunnena.

"Baba, wannan bai iso ba tukuna."

"An kira. Ya zo. Ba a tsallake na gida."

Na san abu ɗaya, ba wanda ya gaya mini. In ya sha tare da su, a layinsu zai zauna.

Na yi ƙoƙarin miƙe ƙahon. Wani abu mai sanyi ya kama gwiwar hannuna yana dannawa. Ba da fushi ba. Kamar yadda ake koya wa yaro.

Ƙahon ya karkata.

Bammin ya taru a baki.

'Yan yatsun suka buɗe.

Ba zan iya ɗaga hannun ba, sai na kai kaina. Na faɗa da fuska na kafa baki a kan ƙahon, ni da ba magaji ba, na zuƙa.

Ƙasa na ji. Ƙasa mai sanyi da tsami, tana gangarawa ba iyaka. Na sha har ƙirjina ya yi kamar zai tsage. Na sha har duhu ya fara rufe mini ido.

Ɗigo ɗaya ya kuɓuce ta gefen bakina.

Na gan shi. Ya bi haɓata, ya tsaya, ya faɗi a kan ƙaramin yatsan hannun hagu.

Hannuwan suka ƙanƙame, suka ɓace.

Ƙahon ya koma wayam.

Sai kwarin gaba ɗaya ya yi nishi. Rassan tukurwa suka shiga kaɗawa, ba iska.

Na jefar da ƙahon cikin laka na zura. Ban san ta ina na bi ba. Ƙaya ta yage mini riga. Ana shafar ƙafafuna ta ko'ina, yatsu masu sanyi, suna kamawa suna zamewa. A kan gungumen rafi wani ya riƙe mini diddige sosai, na fizge, takalmin ya tafi da shi. Na haura gangaren da hannu da gwiwa.

Ban tsaya ba sai da na ji warin tuwon masara da haushin karen Baba Mbinkar. A bayana, can ƙasa, kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Da na isa gida na tarar Yaya Yenla ta riga ta sauka, mata sun cika ɗakin Gwaggo. Aka ce da faɗuwar rana ciwo ya murɗe ta, abin cikinta ya yi tsit, har Gwaggo ta fara kuka, sai kuma ya motsa. Na leƙa. Tana kwance tana gumi, ta ganni da laka har ka da takalmi ɗaya, ta yi murmushin ƙarfin hali ta tambaye ni gonar wa na shiga aka koro ni.

Na ja Yaya Ngoran bayan ɗaki. Na ce masa babu ƙaho, kuma ko zai yanka ni ba zan yi wani ba. Na gaya masa hannuwan, na gaya masa tabon adda. Ɗigon ne kawai ban faɗa ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar ɗakin Baba.

Da safe dangi suka taru. Yaya ya fito da tsumman, ya buɗe a gaban kowa, ya faɗi abin da ya yi ba ragi. Sunana bai fito ba. Gwaggo ta wanke shi tas, ta ce tun yana yaro ba a ba shi ajiyar ko ƙwai, ta ce da ubansu na nan da a turken awaki zai kwana. Da ta gaji ta ce to a zuba, ƙonanne ko ba ƙonanne ba, shi suka sani.

Ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo na tuna masa, ya kai ƙarshe ya yi shiru. Bammin na yoyo ta tsagar yana bin hannunsa har gwiwa. Ƙasar duwatsun ta jiƙe, ta zauna a jiƙe. Yaya Yenla ta durƙusa da ƙyar ta haɗa tafukanta, ya zuba mata abin da ya rage, ta sha.

Ni ina can baya, na ce kaina ke ciwo.

Limamin unguwar Hausawa, abokin hirata, ya ce aljanu ne suka ari hannun ubana. Gwaggo da ta ji rabin labarin ta ce mutanenmu ne, ƙishi ya fito da su. Ban yi gardama da kowa ba. Har yanzu ina sassaƙa ƙaho, ina gogewa, amma yadda ya fito da sheƙinsa haka nake bayarwa. Dillalan Fumban sun koma wurin wani. Ruwa kuwa ko na rijiyar wa na sha, ƙasa-ƙasa nake ji.

Kafin a cire masara ta haihu. Namiji, ƙato, mai kuka kamar an taka shi. Na je barka da kaza. Ta sa na zauna a bakin gado, ta ɗora mini shi a cinya, ta buɗe zanen ta nuna mini hannunsa na hagu. Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake, launin toka, ba ya motsi. Ta ce a asibiti sun duba sun ce ba zai hana shi komai ba, ita dai tana ta tunanin ko wani abu ta ci, ko kwanciya ta yi a kansa.

Na ce mata ba ita ba ce.

Ta yi dariya. "Kai kuma yaushe ka zama likita? Riƙe shi da kyau, Auta, kada ka yar mini da ɗa."

Yaron ya laluba ya kama yatsana. Huɗu da ɗumi, ɗaya kamar ruwan rafi. Ta tashi ta fita ɗebo mini abinci, ta bar ni da shi, shi kuma bai sake ni ba.